Ɗari da Sha Biyu, Kullum da Safe

Shekaranjiya ina zaune a bakin shago na ji ɗayanku, ku yaran shagon nan, yana gaya wa abokinsa cewa gwajin suga ba sana'a ba ce, wai ko akuya aka miƙa wa na'urar za ta iya. Ban tanka ba don ina cin goro, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Ta wani ɓangaren da gaskiyarku. Na'urorin da kuke riƙewa yanzu ba sa tambayar kowa komai: ka soka tsinken gwaji, ka taɓa jini, lamba ta fito, ka koma kan wayarka. Ba ku tarar da zamanin kod ba, shi ya sa bakinku yake da sauƙi. Kuma na san kuna yi mini dariya idan na tambayi mai ciwon suga ko lambarsa ta jiya da ta yau ɗaya ce. To ku matso, tunda ciniki bai buɗe ba tukuna, in gaya muku inda na samo tambayar.

Gwajin farko da na yi da hannuna a kan wani masunci ne daga bakin dam. A lokacin ina koyon aiki wurin Baba Tanko, tsohon ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya ya buɗe kemis a nan Karaye. Mutumin ya miƙo yatsa, na soka, na'ura ta nuna lambar da ta sa na zaro ido, har na fara yi masa sannu. Baba Tanko ya matso. Ya kamo hannun ya shinshina, ya ce, "Malam, rake ka sha a hanya?" Ya ce e, ya ɗan taɓa. Aka wanke hannu da sabulu, aka bari ya bushe, aka sake. Lafiyarsa ƙalau. Da ya tafi Baba ya dube ni ya ce a yi mini barka, yau na gano cewa rake yana da suga. An daɗe a unguwar nan ana kirana Likitan Rake.

Kayan aikin ba su cika akwati ba. Na'ura, auduga, sifirit, 'yan allurai, da ɗan gwangwanin tsinkayen gwaji. Amma kowanne da halinsa. Gwangwanin nan idan ka bar shi a buɗe da damina, tsinkayen sun sha raɓa sun lalace, kuma ba za su gaya maka sun lalace ba. Idan ka bar shi a rana, haka. Yatsa kuwa a gefe ake sokawa, ba a tsakiya ba, sai dai in kana son mutum ya tsane ka. Yatsan malamin makaranta da ɗan taɓawa yake ba da jini, na manomin gyaɗa sai ka saka allurar har ƙarshenta, wani lokacin ma ya tambaye ka ko ka fara.

Babban abin da Baba ya fi tsanantawa shi ne kod. Tsinkayen nan ba duka suke fitowa daga kamfani iri ɗaya ba, kamar yadda gyaɗar gona biyu ba ta ba da mai daidai. Saboda haka kowane gwangwani yana zuwa da lambarsa a jiki, da wata 'yar roba kamar farcen ɗan yatsa, ita ma da lambar a bayanta. Mu makulli muke ce mata. Idan ka buɗe sabon gwangwani, sai ka zare tsohon makulli daga gefen na'urar ka saka sabon, don ta san irin tsinken da za ta karanta. In ka manta, za ta ba ka lamba dai, amma ta ƙarya, ta yi sama ko ta yi ƙasa, kuma fuskarta ba za ta canza ba. Don kada a manta ɗin, da zarar ka soka tsinke, abin da na'urar take fara nunawa shi ne lambar makullin da ke cikinta, ka haɗa da ta jikin gwangwani. Sai alamar ɗigon jini ta fara ƙiftawa, sai ka taɓa jinin, ta yi ƙirgenta, sannan ta faɗi sakamako. Lamba biyu ke nan. Baba yakan sa ni in faɗa da ƙarfi kowane gwaji, ko da mutane suna kallona kamar taɓaɓɓe: ta farko ta gwangwani ce, ta biyu ta mutum.

Ya kuma nuna mini cewa na'urorin iri biyu ne. Akwai wadda in ka zare mata makulli sai ta makance, ta nuna layuka kawai. Akwai kuma wadda take haddace lambar makullin ƙarshe da aka saka mata, ko ka zare shi, ko ka canza batir, tana nan da ita har sai an saka wani. Baba yana kiran wannan mai riƙo, kuma ba ya son ta. Tsofaffin makullai ba ya zubar da su, a wani gwangwanin madara yake tarawa, don kada yara su tsinta su saka a na'urar iyayensu. Da ya rasu, Allah ya ji ƙansa, gwangwanin ya dawo hannuna, kuma tun daga nan a cikin akwatina yake kwana.

Da na tsaya da ƙafata, sai na raba aikin biyu. Shago a Karaye, ranar kasuwar Rogo kuma in ɗaura akwati a bayan mashin in je in kafa tebur a gindin wata darbejiya, kusa da mai gyaran agogo. Na yi mutane masu yawa, amma uku nake so ku riƙe. Alhaji Sa'idu, mai sayen gyaɗa a Tudun Kaya. Malam Garba tela na Unguwar Hajji. Sai Goggo Rabi, ƙanwar mahaifina, da take Rogo Ruma tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini. Duk kasuwa sai ta zo da ƙulinta a leda, ta zauna, ta runtse ido tun kafin in taɓa allura, ta ce, "Babana, a hankali, ba saniya ka samu ba." In lamba ta yi sama ta ce na'urata ce ba ta da kunya. Amma tana shan maganinta, kuma tana lafiya.

Sai muguwar shekarar ta zo. Tsinke ya yi wuya, ya yi tsada, har wasu suka fara fasa gwangwani suna sayarwa ɗai-ɗai a leda kamar magi. Tsinke a leda ba shi da makulli, ba shi da lamba, ba wanda ya san daga ina ya fito. Mutane suka riƙa kawo mini na'urorinsu wai sun haukace. Na yi bayani har muryata ta dishe. Wasu suka daina gwaji gaba ɗaya, wasu suka koma ga jiƙo. A wannan shekarar ce Alhaji Sa'idu ya dawo daga aikin hajji, kuma ya daina zuwa bencina.

A masallacin Juma'a na gamu da shi, muna neman takalma. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, an daina ganinka."

Ya yi dariya ya ce, "Likita, ai na huta da ku. Tawa na'urar na sayo a Makka. Kullum da safe ɗari da sha biyu, ko ɗaya ba ta ƙaruwa."

Ɗari da sha biyu lamba ce da duk mai ciwon suga yake roƙon Allah ya gani. Na ce masha Allahu. Na ga rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, amma wanda ya dawo daga Makka yakan faɗa, ba abin mamaki ba ne. Kafin a cire gyaɗa a gona, wani kututture ya soke shi a ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa, ƙafar ta yi baƙi, aka ɗauke shi zuwa Kano, aka dawo da gawa. Muka yi masa sallah, kowa yana cewa ga mutum suga ta kwanta masa, sai ajali ya biyo ta wata hanyar.

Bayan wasu watanni na kai ɗinki wurin Malam Garba, shi ma ya kwana biyu bai zo ba. Na same shi yana fama da zare da allurar keke, yana kaiwa yana kuskurewa, mutumin da a da ko kallon allurar ba ya yi. Ga babbar jarkar ruwa a gefensa ta kusa ƙarewa, alhali hantsi bai gama ɗagawa ba. Na ce, "Malam Garba, ya jikin? Ina ka shiga?"

Bai ɗago ba ya ce, "Suga ta kwanta, Likita. Ƙwayoyin ma na ajiye su. Kullum da safe ɗari da sha biyu, ko ɗaya ba ta ƙaruwa."

Na ajiye ɗinkin da na kawo. Ba lambar kaɗai ba, har yadda ya jera maganar, sai na ji kamar Alhaji ne ya yi ta da bakin Garba. Jinin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka ci tuwo ya hau, ka yi noma ya sauka, ka kwana da ɓacin rai ya nuna. Lambar da ba ta motsi ba ta mai rai ba ce. Na ce ya nuna mini na'urar, ya ce tana gida wurin iyali. Na ce ya biyo shago in gwada shi kyauta, ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da kun sani. Washegari na ɗauko akwati na zo, aka ce ya tafi Kano sayen yadi. Na dawo, aka ce ya je suna. Zuwan da na yi na gaba, tabarmi na tarar a ƙofar gida. Ya kwanta bayan azahar bai tashi ba.

A zaman makokin ne ƙaninsa ya warware mini. Na'urar ta Alhaji Sa'idu ce. Kun san al'adarmu: in mutum ya rasu ya bar sanda, ko tabarau, ko keken guragu, akan ba wa mai irin larurarsa sadaka, don lada ya riƙa isa ga mamacin. In wanda aka ba ya gama da abin, sai a mayar gidan, su sake bayarwa. Haka Hajiya Binta, matar Alhaji, ta yi da na'urar. Kuma har ta yi suna. Wai ba ta cin tsinke, tsinke ɗaya ake amfani da shi tun na Makka. Wai duk wanda ta shiga gidansa suga sai ta kwanta masa. Har layi ake yi ana jiranta. Mutumin yana ba ni labarin yana hawaye, yana cewa aƙalla yayansa ya samu sauƙi kafin ya tafi. Na ce ina take? Ya ce an mayar Tudun Kaya tun ranar uku.

Da safe na hau mashin. Hajiya Binta ta yi mini magana daga bayan labulen zaure. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, sannan na ce, "Hajiya, na'urar marigayi nake so in gani, ko sau ɗaya."

"An riga an bayar, Likita. Can wajen Rogo."

"Wa aka ba?"

"Wata baiwar Allah. Sadaka ce, ba a tallarta."

Na yi mata bayani iyakar iyawata, na ce ina tsoron na'urar ba ta faɗin gaskiya, na ce mutum biyu sun ajiye magani saboda ita. Sai ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Likita, kai tsinke kake sayarwa. Dole ka ƙi na'urar da ba ta cin tsinke. Ka bar wa bawan Allah ladansa." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma me za ka ce wa mace mai takaba a zaurenta? Na yi sallama na fito.

Na shiga tambaya a Rogo, ba wanda ya sani, ko kuma ba wanda zai faɗa. Goggo kuwa ta yi kasuwa biyu ko uku ba ta zo ba, amma kaka ce, lokacin da masu man gyaɗa ba sa samun sararin ko gaisuwa, kuma tana aiko mini da ƙuli. Ran nan maƙwabciyarta ta ajiye mini leda a tebur ta ce, "Goggonka tana gaishe ka. Ta ce ka daina ajiye mata tsinke, Allah ya kawo mata ta Makka."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bar wa mai agogo tebur, na ɗauki akwati, na kama hanyar Rogo Ruma da tsakar rana.

Gidan Goggo gida ne da tun daga bakin lungu kake jin ƙamshin suyar gyaɗa da ƙarar turmi. Ranar nan shiru. Murhu ya yi sanyi, kaskon a kife. Abin da na fara gani a tsakar gida shi ne layin kiyashi, baƙi ƙirin, ya miƙe ya nufi makewayi. Mu a sana'ar nan mun san abin da yake kai kiyashi wurin: suga ce a fitsari. Tana kwance a tabarma kusa da randa, moɗa a hannunta, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Ƙafar hagu a naɗe da tsumma, ƙudaje suna binta.

"Salamu alaikum. Goggo, ina wuni?"

"Wa alaikumus salam. Wa ke nan? Babana? Matso, hasken nan ya hana ni ganinka. Lafiya lau. Ya iyali, ya kasuwa?"

"Lafiya ƙalau. Goggo, ya jikin?"

"Jiki alhamdu lillahi. Gajiyar kaka ce kawai, da ƙishirwa. Suga dai na rabu da ita."

Na ce ta nuna mini na'urar. Ta ja jiki ta shiga ɗaki, ta buɗe kwalla, ta fito da wani ƙunshi na farin ƙyalle. Tun kafin ta warware ƙamshin almiski ya bugi hancina, irin wanda ake shafa wa likkafani. Kowane gida ta shiga sai an ƙara mata turare. Da ta buɗe, na gane ta nan take: irin wadda Baba Tanko ba ya so ce, mai riƙo, wadda tsinkenta ya daɗe da ɓacewa a kasuwarmu. A gefenta ga tsinke guda ɗaya. Bakinsa ya yi baƙi, ya yi kauri da busasshen jini, wani kan wani. Na Alhaji yana ƙasa, na Garba a kansa, na Goggo a sama.

Ta soki yatsanta ba tare da ta runtse ido ba, ta shafa jinin a kan baƙin, ta yi bisimilla, ta soka tsinken. Lamba ta fito. Ta zare shi da sauri kamar ya ƙone ta.

"Ka gani? Sanda biyu da 'yar agwagwa. Ɗari da sha biyu aka ce mini sunanta. An ce a zare da wuri kada batir ya ƙare."

A nan na gane komai. Alhaji ya saya a hannun wanda ba ya jin Hausa, aka nuna masa da hannu cikin cunkoso, ya dawo yana shafa jini kafin ya soka. Lambar farko ta fito, ya ga mai kyau ce, ya zare. Da tsinkaye suka kusa ƙarewa ya gwada tsohon, ya ga lambar ba ta canza ba, ya ce albarka ce. Yadda ya yi haka ya koya wa iyalinsa, su kuma suka haɗa koyarwar da na'urar suna bayarwa. Ba wanda ya taɓa jira ya ga lamba ta biyu.

Na wanke mata hannu, na gwada ta da tawa. Ba ta ba da lamba ba. Haruffa biyu na boko ta nuna, waɗanda take nunawa idan suga ta wuce inda take iya ƙirgawa. Na ce, "Goggo, yanzu za mu tafi asibiti."

Ta ce, "Taka kullum da maganarta daban. Yau kaza, gobe kaza, tana tayar wa mutum da hankali. Wannan kuwa magana ɗaya gare ta, kamar mutumin kirki."

Na karɓi ta Makkan, na soka tsinken ba tare da sabon jini ba. Ɗari da sha biyu. Ta ce ai jininta yana jiki. Na bar shi a ciki ban zare ba, lambar ta ɓace, alamar kuskure ta fito. Ta yunƙuro za ta ƙwace, ta ce zan ɓata kayan mamaci. Na ga in na ci gaba da gardama za ta naɗe abinta ta mayar kwalla, in kuma ta mayar, to tabarmin da na gani a ƙofar Garba su zan gani a nan. Tsoro ya kama ni sosai. Sai na tuna da gwangwanin madara.

Na zazzage makullan Baba Tanko a kan tabarma, na tsinci waɗanda suke irin nata. Ban ɓoye komai ba, a gabanta na zare na ciki na ajiye a tafin hannunta, na saka wani. Na ce, "Goggo, sake yi da hannunki, yadda kika saba."

Ta shafa jini, ta soka, ta kawo fuskar na'urar dab da idonta. Ta daɗe tana kallo.

"Ina sandunan?"

Na saka wani makullin. Ta sake. Wata lambar daban. Na saka na uku, wata daban. Na ce, "Jininki bai canza ba tsakanin ɗazu da yanzu. Robar nan nake canzawa. Duba bayan wadda take hannunki."

Ta juya ta, ta matsa inda rana take, ta kai ta kusa da ido, tana shafawa da farce. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Sanda biyu da 'yar agwagwa."

"Su ne."

"Wato tun daga can aka rubuto ta?"

"Tun daga kamfani, Goggo."

"Kafin ta san jinina?"

"Kafin ta san jinin Alhaji ma."

Ta damƙe robar a hannunta. Sannan ta ce, "To shi Alhaji, da telan nan, me suke dubawa kullum da safe?"

Ta sunkuya ta fara warware tsumman ƙafarta. Ba zan gaya muku abin da na gani ba, kun karya kumallo. Ta ce, "Babana, nemo mota."

Kafin in fita na roƙe ta ta ba ni na'urar. Ta ƙi. Ta ce ba tata ba ce, amanar mamaci ce, yadda aka ba ta haka za ta mayar. Ta sa na mayar da makullin Makka wurinsa, ta soka tsinke ta tabbatar sandunanta sun dawo, ta naɗe a farin ƙyallen. Na ce a raina ba komai, rai tukuna, na'ura tana kwalla ba inda za ta.

An daɗe da ita a asibiti, daga nan aka wuce da ita Kano. An yanke yatsun ƙafar, idon ma bai dawo duka ba, aka ɗora ta a kan allura. Amma ta rayu. Ranar da ta fara zama da kanta ta sha kunu, ta kira ni kusa da gado, ta kwance haɓar zaninta, ta saka mini wani ɗan abu a hannu. Makullin ne.

"Lokacin da ka fita neman mota na ba maƙwabciya ta mayar musu da amanarsu," in ji ta. "Amma na zare mata harshen. Yanzu ba za ta ƙara yi wa kowa ƙarya ba."

Tana murmushi, rabon da in ga haka tun kafin kaka. Na dubi robar a tafin hannuna. Na'urar nan mai riƙo ce. Makullin ƙarshe da ta karanta shi ne wannan, kuma ko an zare shi tana nan da lambarta. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Goggo." Ta yi shekaru bayan nan tana soya ƙulinta a zaune, har Allah ya karɓi abinsa ban gaya mata ba.

A ranar da ta ba ni makullin na kama hanyar Tudun Kaya. Hajiya Binta ta ce ko kwana na'urar ba ta yi a gidan ba, wani mai sayen gyaɗa daga nesa ya daɗe yana jira, an ba shi. Suna kuwa, sadaka ce. Na je wurin limamai, aka yi sanarwa ranar Juma'a a Karaye da Rogo. Wasu suka ji, wasu suka ce mai tsinke ne yake kare kasuwarsa. Daga baya Hajiya da kanta ta aiko a ce mini ko ita ba ta san garin mutumin ba, kuma ba a sake dawo mata da ita ba.

Ga makullin nan, ku karɓa ku duba bayansa, ku miƙa wa na kusa. Naku na'urorin ba sa buƙatarsa, na sani. Amma tsofaffin ba su ƙare ba, suna nan a kwalla da ƙarƙashin filo, kuma batirinsu irin na agogo ne, ko'ina ana samu. Duk ranar da wani ya zauna a bencin nan ya ce muku lambarsa ba ta motsi, kada ku ce masha Allahu. Kada ku jira ni. Ku rufe shago ku bi shi gida.

A kasuwar Rogo ta makon jiya na je sallar azahar na dawo, mai agogo ya ce mini wata mata ta zo sayen batir. Ba na agogo ba ne, na wani abu ne da ta ƙi warwarewa gaba ɗaya daga cikin farin ƙyalle, ta ce na maigidanta ne, kuma tunda ya same shi ya warke. Kafin ya tuna da gargaɗin da na taɓa yi masa a kan na'urar, ta shige cikin mutane. Ya ce har bayan ta tafi teburinsa yana ƙamshin almiski.